TENESI: JIHAR DA TA RATAYE GIWA, TA KOMA MAFAKAR GIWAYE

Daga Wakilinmu

Jihar Tenesi ta ƙasar Amurka doguwa ce siririya, kamar an warware rawani an shimfiɗa shi daga gabas zuwa yamma. Kanta na gabas yana bisa duwatsu, ƙafarta ta yamma kuwa tana jiƙe cikin kogin Misisifi. Da yawa daga cikin baƙin da ke zuwa jihar kiɗa ke kawo su, domin a cikinta biranen Nashville da Memphis su ke, waɗanda suka yi suna wajen mawaƙa. Amma akwai waɗansu ƙananan garuruwa biyu, da ko a taswira sai an zuba ido a ke ganinsu, waɗanda sunansu ya haɗu da na wata dabba da ba a dajin ƙasar a ke samunta ba. Garuruwan su ne Erwin da Hohenwald, dabbar kuwa ita ce giwa. A Erwin aka rataye giwa a bainar jama'a cikin 1916. A Hohenwald kuwa tsofaffin giwayen wasa ke ƙarasa kwanakinsu, cikin dajin da ba a yarda kowa ya shiga kallonsu ba. Wanda ya bi hanyar da ta haɗa garuruwan nan biyu ya bi sawun yadda doka ta raba giwa da dandalin wasa, ya kuma ga inda ƙarfin dokar ya tsaya.

WASAN DA A KE MAGANA

Kafin mu kama hanya, ya kamata mai karatu ya san irin wasan da a ke magana a kai. Turawa na kiransa sakas. Ayari ne na 'yan wasa masu yawo gari gari, da ƙaton tanti, da makaɗa, da masu tafiya bisa igiya, da 'yan barkwanci, da namun daji waɗanda aka hora. Wanda ya taɓa ganin gardawa sun shigo kasuwa da kura ɗaure da sarƙa, jama'a sun kewaye su ana jefa kuɗi, to, ya ga ɗan ƙaramin misalinsa. Sai dai na Amurka, a zamanin da ya ke tashe, jirgin ƙasa guda ya ke cikawa da mutane da dabbobi da kaya.

Cikin 1796 aka fara sauke giwa a birnin New York, wadda wani matuƙin jirgin ruwa ya kawo daga Indiya. Tun daga nan masu wasan suka gane babu abin da ke jawo 'yan kallo kamarta. Toron giwan nan da ya fi kowanne suna, watau Jumbo, a yankin Sudan aka kama shi yana ƙarami, ya zauna a gidan namun daji na Landan, sa'an nan aka sayar wa attajirin sakas P. T. Barnum cikin 1882. Shekara uku kawai ya yi a hannunsa, jirgin ƙasa ya buge shi a Kanada cikin 1885.

A dandali a kan sa giwa ta miƙe bisa ƙafa biyu, ta hau kan ɗan turmin ƙarfe, ta kafa kai a ƙasa, ko kuwa ta kama wutsiyar 'yar'uwarta a yi jerin gwano cikin gari. Hausawa sun ce giwa a garin wani zomo ce. Amma ba da lallashi kaɗai a ke mai da ita zomon ba. Kayan aikin biyu ne: sarƙar da a ke ɗaure ƙafa, da wata sanda mai ƙugiyar ƙarfe a baki, wadda a ke taɓa ta da ita a wuraren da fata ke da taushi, kamar bayan kunne da ƙarƙashin haɓa. Mai karatu ya riƙe sandar nan a ransa, domin da ita labarin Erwin ya fara, da ita kuma doka ta fara kama bakin zaren.

ERWIN, GARIN JIRGIN ƘASA

Erwin na can ƙuryar gabas, dab da iyakar jihar North Carolina, cikin wani kwari da duwatsu masu duhun itatuwa suka yi wa zobe. Kogin Nolichucky ya ratsa ta gefensa. Mutanensa wajen 6,000 ne. Babban titin garin ba shi da tsawo. Da ƙafa na taka shi daga wannan kai zuwa wancan, tsakanin gine-ginen jan bulo da majami'u da 'yan kantuna. Jirgin ƙasa ne ya raya garin. A da, a nan hedkwatar kamfanin jirgin Clinchfield ta ke, mai jigilar gawayin kwal daga duwatsu zuwa kudu, a nan kuma lokonsa ya ke, inda a ke gyaran kawunan jirgi da taragai. Tsohuwar tashar fasinja an mai da ita ɗakin karatu na jama'a.

Ba a Erwin laifin ya faru ba. Ran 12 ga Satumba, 1916, ayarin sakas na wani mai suna Charlie Sparks yana garin Kingsport, wajen mil 40 daga nan. Babbar giwarsa 'yar Asiya ce, sunanta Mary, nauyinta wajen tan biyar. Aka ɗora mata wani mutum, Red Eldridge, wanda kwana ɗaya tak da ɗaukarsa aiki, bai kuwa taɓa kiwon giwa ba. Kan hanya ta miƙa hanci za ta ɗauki ɓawon kankana, ya soke ta da ƙugiya a bayan kunne. Nan take ta fizgo shi, ta yi jifa da shi, ta taka kansa.

Gari ya ɗauka. Jama'a suka ce sai an kashe ta, garuruwan da ke gaba suka aiko cewa ayarin ba zai shigo musu ba muddin tana ciki. Sparks ya auna kuɗin giwa da kuɗin ƙofa, ya ga na ƙofa ya fi. Da aka rasa yadda za a yi da dabba mai wannan girma, sai aka tuna akwai injin ɗaga tarago a lokon Erwin. Kashegari, ran 13 ga Satumba, bayan an gama wasan rana, aka kai ta filin jirgin. Mutum fiye da 2,500 suka taru, har da yara. Aka sa mata sarƙa a wuya aka ɗaga, sarƙar ta tsinke, ta faɗo ƙugunta ya karye. Aka kawo wata mai kauri aka sake. A gefen dogo aka haƙa rami aka binne ta, ba a kafa wata alama ba.

Abin lura a nan shi ne, babu alƙalin da ya zauna, babu kuma dokar da aka karya. A idon shari'ar lokacin giwa kaya ce, kamar tanti da keken doki, mai ita na da ikon ya yi yadda ya ga dama. Ba a tambayi wanda ya danƙa tan biyar a hannun ɗan kwana ɗaya ba. Ratayar ma kanta wani wasan kallo ce, wanda aka yi kyauta ga mutanen da suka biya kuɗin na rana.

Shekara da shekaru mutanen Erwin suna jin kunyar sunan da ya bi su, na garin da ya rataye giwa. Sa'an nan wahala ta same su ta wata fuska. Cikin Oktoba 2015 kamfanin CSX, wanda ya gaji Clinchfield, ya rufe lokon, mutum wajen 300 suka rasa aiki. Cikin neman abin da zai farfaɗo da garin ne waɗansu matasa suka ce a daina ɓoye labarin Mary. Cikin 2016, shekara 100 cif da ratayar, suka soma wani biki: a kan ƙera mutum-mutumin 'yan giwaye, masu zane su yi musu ado da fenti, a jera su a titi, daga baya a yi gwanjonsu. Kuɗin da aka fara tarawa, mafakar giwaye ta Hohenwald aka aika wa. Garin bai gama farfaɗowa ba wata masifar ta auko: ƙarshen Satumba 2024 guguwar Helene ta sa Nolichucky ya yi ambaliya, aka yi hasarar rayuka, har sai da jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum fiye da 50 daga rufin asibitin gundumar.

TAFIYA YAMMA, DA TAFIYAR DOKA

Daga Erwin zuwa Hohenwald ya fi mil 350, tafiyar wajen awa shida a mota. A kan gangaro daga duwatsu a bi ta Knoxville, a kama babbar hanya mai lamba 40, a hau wani faffaɗan tudu mai suna Cumberland, inda matafiyi zai mai da agogonsa baya da awa ɗaya, domin jihar lokaci biyu gare ta. Daga nan sai Nashville, sai a karkata kudu maso yamma. Mota na cinye wannan nisa cikin yini guda. Doka kuwa, kafin ta kawo giwa daga filin jirgin Erwin zuwa dajin Hohenwald, ta yi kusan ƙarni tana jan ƙafa.

Sai cikin 1970 ne Majalisar Tarayya ta gyara dokar kula da lafiyar dabbobi ta 1966, ta shigar da masu nuna dabbobi cikinta. Daga lokacin ya zama tilas mai sakas ya yanki lasin daga Ma'aikatar Aikin Gona, ya yarda sufetoci su duba abinci da ruwa da makwanci da magani. Dokar ba ta hana wasan ba, iyakarta ta faɗi ƙarancin abin da za a yi wa dabba. Cikin 1975 yarjejeniyar duniya kan cinikin namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta fara aiki, cikin 1976 kuma Amurka ta sa giwar Asiya a jerin masu fuskantar ƙarewar. Wannan ya toshe hanyar sayo sababbin giwayen Asiya daga daji don kasuwanci, garken da ke hannun 'yan wasa ya shiga tsufa.

Abin da ya girgiza jama'a ya faru ne ran 20 ga Agusta, 1994, a Honolulu ta jihar Hawayi. Wata giwar Afirka mai suna Tyke ta kashe mai horar da ita a tsakiyar dandali, ta ɓalle cikin gari wajen rabin awa, 'yan sanda suka ɗirka mata harsashi fiye da 80 kafin ta faɗi. Labarin Mary ne ya maimaita kansa, sai dai a wannan karon akwai kyamara, duniya duka ta gani a talabijin. Tambayar da ba a yi ba cikin 1916 ita aka shiga yi: me ya kai ta ga haka, wa kuma ke da alhakin?

Ƙungiyoyin kare dabbobi suka nufi kotu da kamfanin da ya fi kowanne girma, watau Ringling, amma ba su ji da daɗi ba. Cikin 2009 alƙali ya kori ƙarar, bayan ya tabbata cewa babban mai ba da shaidarsu, wani tsohon ma'aikacin kamfanin, biyansa a ke yi. Ƙarshenta su suka biya kamfanin: wata ƙungiya ta ba da dala miliyan 9.3 cikin 2012, waɗansu kuma dala miliyan 15.75 cikin 2014. Ta ɗaya gefen, kamfanin ya yarda ya biya Ma'aikatar Aikin Gona tarar dala 270,000 cikin 2011 kan zargin saɓa wa dokar kula da dabbobi, ba tare da amsa laifi ba.

Inda babbar kotu ta gaza, sai majalisun birane suka yi aikin da dabara. Ba su ce kada giwa ta shigo ba, cewa suka yi kada a shigo da sandar ƙugiya. Los Angeles da Oakland sun zartar da haka cikin 2014, jihohin Rhode Island da Kalifoniya suka bi cikin 2016. To, mai horo ba ya yarda ya tsaya kusa da giwa a gaban dubban mutane hannu rabbana. Hana sandar hana wasan ne. Ringling, wanda ke zaga birane fiye da 100 a shekara, ya ce ba zai iya bin doka iri iri a kowane zango ba. Ran 1 ga Mayu, 2016, giwayensa 11 na ƙarshe suka yi wasan ban kwana. 'Yan kallo suka ragu, cikin Mayu 2017 kamfanin ya naɗe tabarmarsa bayan shekara 146, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa abin yi. Ya dawo cikin 2023, ba da dabba ko ɗaya ba.

Sa'an nan jihohi suka fito fili. Ilinoyi ce ta fara hana amfani da giwa a wasan yawo cikin 2017, New York ta biyo baya a shekarar. Cikin Disamba 2018 New Jersey ta hana namun daji baki ɗaya, Hawayi ma ta hana shigo da su don wasa. Kalifoniya ta bi cikin 2019, Kolorado cikin 2021, Maryland da Massachusetts cikin 2024. Ba Amurka kaɗai ba ce, wasu ma sun riga ta: Ostiriya tun 2005, Bolibiya cikin 2009, Meziko cikin 2015, Ingila daga Janairu 2020. Faransa ta kafa tata cikin 2021, ta ba masu wasan wa'adi zuwa 2028.

Duk da haka shingen na da ɓaraka. An sha gabatar da shirin dokar da za ta hau kan Amurka duka a Majalisar Tarayya, ba ta wuce ba. Saboda haka mai giwa ya kan kauce wa jihar da ta hana, ya kafa tanti a maƙwabciyarta. Cikin Afrilu 2024 ma wata tsohuwar giwar sakas, Viola, ta tsere ta yi yawo tsakanin motoci a garin Butte na jihar Montana. Abin mamaki kuma, sa'ad da waɗancan jihohi ke kafa dokokinsu, ita Tenesi ba ta bi sahunsu ba.

HOHENWALD, INDA BA A KALLO

Hohenwald na da nisan wajen mil 80 daga Nashville, cikin ƙasa mai tuddai da itatuwa da gonakin shanu. Sunan na Jamusanci ne, ma'anarsa daji mai bisa, baƙi masu jin Jamusanci ne suka raɗa shi. Mutanen garin ba su kai 4,000 ba. Kusa da shi kabarin Meriwether Lewis ya ke, shahararren ɗan binciken ƙasa da ya mutu a nan cikin 1809, wanda gundumar ta ci sunansa. Gari ne shiru, irin wanda mota ɗaya in ta wuce kowa ya san ta wane ce.

Cikin 1995 wata mata mai suna Carol Buckley, wadda ta yi shekaru tana yawon wasa da giwarta Tarra, har ta koya mata tafiya da takalmin taya, ta haɗu da Scott Blais suka sayi fili eka 110 a bayan garin. Suka saki Tarra a ciki. Wannan fili ne ya bunƙasa har ya zarce eka 3,000, da daji da tafkuna da fadamu, da manyan rumfuna masu ɗumi domin lokacin sanyi, an kewaye shi da shingen ƙarfe. An ware wa giwayen Afirka nasu ɓangaren, na Asiya nasu, akwai kuma inda a ke keɓe masu ciwo. Tun buɗe shi ya karɓi giwa fiye da 30. Da gudummawar jama'a a ke tafiyar da shi.

Baƙon da ya zo da niyyar ganin giwa zai koma bai gani ba. Iyakar inda na samu shiga shi ne wani zaure a babban titin garin, inda aka tanadi hotuna da bayanai, da allunan da ke nuna abin da kyamarorin cikin dajin ke ɗauka. Wani lokaci allon ya kan nuna giwa tana watsa wa bayanta ƙasa, wani lokaci kuwa sai itatuwa kurum, domin ta shige inda kyamara ba ta kai. Ba a kiranta ta fito. Duk mai intanet, ko a ina ya ke, abin da zai gani ke nan, wanda ya zo da ƙafarsa bai fi shi da kome ba. Hujjar masu wurin ita ce, dabbar da ta yi shekara 30 ko 40 idanu na kanta, hutunta na farko shi ne a ɗauke mata ido.

Tarihin mazauna dajin shi ne tarihin dokar. Cikin 2003 Ma'aikatar Aikin Gona ta ƙwace wata giwa mai suna Delhi daga wani kamfanin haya da ke Ilinoyi, bayan an tsoma ƙafafunta cikin sinadarin adana gawa sun ƙone. Ita ce giwa ta farko da ma'aikatar ta taɓa ƙwacewa, shekara 33 bayan an ba ta ikon sa ido. Aka tilasta wa kamfanin rabuwa da garkensa, takwas daga ciki suka iso Hohenwald farkon 2006, tare da damuwar tarin fuka, ciwon da giwa ke iya ɗauka daga mutum ta kuma sa masa. Cikinsu akwai Billie, wadda ta zo da guntun sarƙa a ƙafarta ta gaba. Ba ta yarda kowa ya matso ya cire ba sai cikin 2011. Takardar hukuma ta 'yanta ta cikin yini guda, tsoro ya riƙe sarƙar shekara biyar.

Akwai kuma Nosey. A Zimbabuwe aka kama ta tana 'yar shekara biyu cikin 1984, bayan an harbe manyan garkensu, aka kawo ta Fulorida tare da 'yan giwaye fiye da 60. Ta yi shekara wajen 30 ana yawo da ita ita kaɗai, yara na hawanta a kasuwannin baje koli. Cikin Nuwamba 2017 aka same ta ɗaure cikin tirela a bakin hanya a wata gunduma ta jihar Alabama, jihar da ba ta da dokar hana sakas. Jami'ar kula da dabbobi ta gundumar ce ta kai ƙara bisa dokar hana zaluntar dabba, irin wadda a ke kama mai azabtar da doki da ita, alƙali ya ba da umurnin a kai ta Hohenwald. Dokar da New Jersey ta kafa bayan shekara guda, sunan Nosey aka sa mata.

Labarin da ya fi ratsa zuciya shi ne na Shirley. An haife ta a Sumatra cikin 1948, ta yi shekara fiye da 20 a sakas, ta tsira daga gobarar jirgin ruwa a Kanada cikin 1963, wata giwa ta karya mata ƙafa, sa'an nan ta yi shekara 22 a wani gidan namun daji a Louisiana ba ta ga 'yar'uwarta giwa ba. Ran da aka kawo ta cikin 1999, wata mai suna Jenny ta yi ta ruri tana miƙo hanci ta tsakanin ƙarafa, har ƙarafan suka lanƙwashe. Da aka bincika, ashe sun taɓa zama a ayari ɗaya shekara fiye da 20 da suka wuce, lokacin Jenny na ƙarama. Ba su rabu ba har Jenny ta mutu cikin 2006. Shirley ta rayu zuwa Fabrairu 2021, tana da shekara 72.

Kada mai karatu ya ɗauka wurin aljanna ne. Cikin Yuli 2006 wata giwa ta kashe ɗaya daga cikin masu kula da su. Yanzu ba a shiga fili ɗaya da giwa. Shinge na tsakani, da lada na abinci a ke koya mata ta miƙo ƙafa ko kunne a duba, in ta ƙi a ƙyale ta. Su kansu waɗanda suka kafa wurin sun rabu da shi, har aka yi doguwar shari'a kan Tarra, wadda ta ƙare da mai da ita hannun Buckley a jihar Jojiya cikin 2021. Galibin giwayen kuma da ciwonsu su ke isowa, na ƙafa da na gaɓoɓi, sakamakon tsayuwa bisa siminti da cikin tarago.

ABIN DA DOKA BA TA IYA YI

A nan ne matafiyi ke gane nauyin al'amarin. Giwa na iya kai shekara 60 zuwa 70. Tana cin ciyawa da ganye fiye da kilo 100 a yini, tana kuma bukatar 'yan'uwa, domin a daji cikin dangi ta ke rayuwa ƙarƙashin tsohuwar uwa. Wadda aka kama tana jaririya ba ta san dajin ba, ba kuwa za a iya mai da ita ba. Saboda haka ranar da gwamna ya sa hannu a doka, ranar ce tambaya ta ke tasowa: ina za a kai ta, wa zai ciyar da ita shekara 20 ko 30 masu zuwa? Giwayen Ringling sun yi shekaru a gandun kamfanin kafin a fara kwashe su zuwa wani faffaɗan wuri mai suna White Oak a Fulorida cikin 2021. Dokar da ta rufe tanti ba ta gina rumfa ko ɗaya ba. Masu ba da gudummawa ne suka gina, cikinsu har da mutanen Erwin da kuɗin gwanjonsu.

Masu sakas na da tasu hujjar, ba kuwa ta banza ba ce. Sun ce a tantinsu ne yaron ƙauye ya fara ganin giwa da idonsa, sun ce sana'ar iyaye da kakanni ce aka kashe musu, da yawansu kuma sun rantse suna ƙaunar dabbobinsu. Ana iya yarda da duk wannan. Amma ƙauna ba ta canja lissafin ba: dabbar da Allah ya halitta ta yi tafiyar mil da mil cikin dangi, ba ta zama cikin tarago da sarƙa sai an karya mata zuciya, wadda aka karya wa zuciya kuwa wata rana ta kan tuna ƙarfinta. Eldridge a Kingsport da mai horon Tyke a Honolulu da rayukansu suka biya.

Cikin 1916 mutum 2,500 suka yi cincirindo a gabashin Tenesi don su ga giwa ta mutu. A yammacin jihar a yau giwaye na kiwo cikin eka 3,000 babu mai tafa musu. Majalisu sun yi nasu, alƙalai sun yi nasu, amma abin da ya ɗaure giwa tun farko kuɗin ƙofa ne, mai biyansa kuwa ɗan kallo ne. Ran da ya haƙura da kallon, sarƙar ta rasa mai riƙe ta. Duk ƙasar da ke shirin kafa irin wannan doka, ko don giwa ko don wata dabba, ya kamata ta aika wakili Hohenwald tukuna, ya ga abin da ke biyo bayan sa hannu, ya lissafa kuɗin ciyawa kafin a buga hatimi.